Saƙon tes da dukiyar jama'a: ina alhakin bankuna da kamfanonin sadarwa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi kusan duk mai riƙe da waya a ƙasar nan, wato raunin tsaron da ke tattare da saƙon tes, da kuma yadda aka jingina dukiyar jama'a a kansa ba tare da an gaya musu irin haɗarin da ke ciki ba.

Kusan kullum bankuna suna aiko mana da gargaɗi iri ɗaya, cewa kada mu ba kowa lambar sirrinmu, kada mu karanta wa kowa lambar OTP, wato lambar tabbatarwa ta amfani sau ɗaya da aka turo mana, domin ma'aikacinsu ba zai taɓa tambayarmu ita ba. Gargaɗin gaskiya ne, kuma ina goyon bayansa. Sai dai yawan maimaita shi ya dasa wata fahimta a zukatan mutane, cewa duk wanda aka kwashe wa kuɗi, to ko dai sakaci ya yi ko kuma kwaɗayi ya ja shi. Mutum zai je banki da kukansa, tambayar farko da za a yi masa ita ce wa ya ba lambarsa, idan kuma ya rantse bai ba kowa ba, sai a riƙa yi masa kallon wanda kunya ta hana faɗin gaskiya. A matsayina na wanda ya daɗe yana koyar da ilimin kwamfuta, ina ganin wannan rashin adalci ne, domin akwai hanyoyi tabbatattu da ake karanta saƙon mutum, ko a karkatar da shi, ko a shiga wayarsa ta cikinsa, alhali shi bai yi kuskuren komai ba.

Matsalar tun daga tushe take. An aika saƙon tes na farko a duniya ranar 3 ga Disamba, 1992, a Ingila, lokacin da wani injiniya mai suna Neil Papworth ya tura gaisuwar Kirsimeti ta layin kamfanin Vodafone. Waɗanda suka tsara wannan fasaha ba su taɓa nufin ta zama mabuɗin asusun banki ba. Abin da suka nufa shi ne 'yar gajeriyar sanarwa mai haruffa 160, wadda za ta raɓu da hanyar da na'urorin kamfani ke bi wajen yi wa juna ishara. Saboda haka ba a lulluɓe saƙon tun daga wayar mai aikawa har zuwa wayar mai karɓa ba. Yana isa cibiyar kamfani a buɗe, ya zauna can a buɗe, sannan a miƙa shi gaba. Kamar wasiƙa ce da mutum ya rubuta bai sa a ambulan ba, ya ba direba a tasha ya ce a kai masa Gusau. Idan direban da yaran motarsa masu amana ne za ta isa lafiya, amma babu abin da zai hana ɗayansu karantawa, ko ma ya goge sunan mai aikowa ya rubuta wani.

Ita wannan hanya ta ishara tsakanin kamfanoni ana kiranta SS7, kuma an tsara ta ne tun shekarun 1970, zamanin da kamfanonin tarho na duniya 'yan kaɗan ne, mafi yawansu na gwamnati, duk sun san juna. Shi ya sa aka gina ta bisa yarda: idan wata na'ura ta ce wannan lamba tana yawo a ƙasarmu yanzu, a turo mana saƙonninta, sai a turo, ba a neman hujja. Yau kuwa ɗaruruwan kamfanoni da dillalai ne ke da ƙofar shiga wannan hanya. A watan Disamba na 2014, a taron masana tsaron kwamfuta da aka yi a Hambug ta ƙasar Jamus, Tobias Engel da Karsten Nohl sun nuna wa duniya yadda wanda ya samu wannan ƙofa zai iya gano inda mutum yake, ya saurari kiransa, ya kuma karɓe saƙonninsa, da lambar wayarsa kaɗai. A 2016 Nohl ya maimaita gwajin a gaban kyamarar gidan talabijin na CBS, da yardar wani ɗan majalisar Amurka mai suna Ted Lieu, yana zaune a Balin yana sauraron kiran da ɗan majalisar ke yi a ƙasarsu. Ba a daɗe ba abin ya fita daga hannun masu bincike ya koma hannun ɓarayi. A farkon 2017 an kwashe kuɗi daga asusun wasu masu layin O2-Telefónica a Jamus, kuma kamfanin da kansa ya tabbatar da haka. Gaskiya ne ɓarayin sun fara satar bayanan asusun mutanen ta kwamfutocinsu, amma lambar tabbatarwa da banki ke turowa ta tes, wadda aka ce ita ce kariya ta ƙarshe, ta wannan hanya suka karkatar da ita zuwa wayoyinsu. Masu asusun ba su ga saƙon ba balle a ce sun karanta wa wani.

Raunin da ya fi taɓa mu a nan gida shi ne na sunan mai aikowa, kuma duk ɗan kasuwa ya san shi ko da bai san dalilinsa ba. Sunan da ke fitowa a saman saƙo, irin wanda bankuna ke amfani da shi maimakon lamba, rubutu ne kawai da mai aikawa ke cikewa da hannunsa, ita kuwa waya ba ta da hanyar tantance shi, abin da ta sani shi ne ta tara duk saƙonni masu suna ɗaya a wuri ɗaya. Mai shago yana cikin ɗaure kaya, ga cinkoso, ga wani yana jiran canji, mai saye ya ce Alhaji na yi tiransifa, waya ta yi ƙara a aljihu, ya ciro ya duba. Ga sunan bankinsa, ga adadin kuɗin daidai, kuma saƙon ya shiga ƙarƙashin alat na jiya da na shekaranjiya waɗanda ya tabbata na gaskiya ne. Da zai tsaya ya duba jimillar kuɗin da aka ce ta rage a asusu, da wataƙila ya ga ba ta yi daidai ba, domin maƙaryacin bai san ta ba, amma wa ke da wannan natsuwar da azahar a tsakiyar Kantin Kwari? Sai da yamma, in ya zo lissafi, zai gane an tafi da atamfofinsa a banza. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, lokacin da har mai shayi da mai sayar da tumatir suka koma karɓar tiransifa a kan dole, wannan nau'i na zamba ya samu kasuwa.

Kada a ɗauka rashin boko ne ke jawo haka. A ƙarshen 2021 irin wannan ta faru a Singafo, ƙasar da ilimi da fasaha suka wadata, inda saƙonnin bogi masu ɗauke da sunan bankin OCBC suka riƙa shiga cikin jerin saƙonnin bankin na gaskiya, mutum 790 suka yi asarar dalar Singafo miliyan 13.7. Abin lura shi ne yadda aka ɗauki lamarin. Bankin ya biya mutanen kuɗinsu, hukuma kuma ta wajabta wa duk wata ma'aikata mai aika saƙo da suna ta yi rajistar sunan, ta yadda daga ƙarshen Janairun 2023 duk saƙon da ya zo da sunan da ba a yi wa rajista ba, sai a maye gurbin sunan da gargaɗin cewa mai yiwuwa zamba ce. Ba su tsaya a kan cewa jama'a su yi hattara ba, sun toshe kafar daga inda take.

Akwai ma na'urar da ba ta bi ta kamfanin sadarwa ko kaɗan. Ana ɗora ta a bayan mota, ta yi shigar ƙarfen sabis, ta ja wayoyin da ke kusa ta sauko da su kan tsohon tsarin sabis na 2G, ta zuba musu saƙo da duk sunan da mai ita ya ga dama. Abin da ya sa take cin nasara shi ne, a tsarin 2G ƙarfen sabis ne ke tantance waya, ita waya ba ta tantance ƙarfen. A Nuwamban 2024 'yan sandan Bankok sun kama wani mutum da irin wannan na'ura, wadda ta aika saƙo kusan miliyan ɗaya cikin kwana uku. Mu kuwa har gobe kaso mai yawa na layukanmu a kan 2G suke.

Daga nan sai katin layin kansa. Mutane da yawa suna ɗaukar sim a matsayin ɗan roba mai riƙe lamba, alhali 'yar ƙaramar kwamfuta ce mai manhajojinta. A Satumban 2019 kamfanin AdaptiveMobile Security na ƙasar Ayalan ya bayyana wata ɓaraka da ya sa wa suna Simjacker, wadda ke cikin wata tsohuwar manhaja da ke kan wasu katunan, manhajar da ba a sake taɓa ƙa'idojinta ba tun 2009. Ana aika wa layi wani saƙo na musamman wanda ba ya ƙara, ba ya fitowa a akwatin saƙo, sai katin ya karɓe shi a matsayin umarni, ya tambayi waya lambar jikinta da ƙarfen sabis ɗin da take kusa da shi, ya mayar da amsa ga wanda ya aiko, duk a ɓoye. Ba ruwansa da tsadar waya ko araharta, domin katin ake yi wa magana. Masu binciken sun ce wani kamfani mai yi wa gwamnatoci aikin leƙen asiri ya shafe aƙalla shekara biyu yana amfani da ita, mafi yawa a Meziko, sai Kolombiya da Peru. Amma da suka fitar da jerin ƙasashe 29 da ake da kamfanonin da ke raba irin waɗannan katuna, akwai Nijeriya da Gana da Benin da Kamaru da Kwaddibuwa a ciki. Wannan matsala ce da mai waya ba shi da abin da zai danna ya gyara, maganinta yana hannun kamfani, ko dai ya tace irin waɗannan saƙonni tun daga cibiyarsa, ko ya cire manhajar, ko ya sauya katunan. Haƙƙin masu layi ne su ji daga bakin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wane mataki kowane kamfani ya ɗauka, da kuma ko tsofaffin katunan da ke cikin wayoyin iyayenmu tun shekaru goma da suka wuce suna cikin waɗanda aka gyara.

Sai ita wayar, kuma a nan nake so in ɗan tsawaita. Wayoyin komai-da-ruwanka suna da wata ɗabi'a da aka yi domin sauƙaƙa wa mai su, wato suna buɗe abin da aka aiko su sarrafa shi tun kafin a taɓa su, domin idan ka duba ka tarar hoto ya riga ya fito. Wannan sauƙin shi ne ƙofar. Tun 2009 Charlie Miller da Collin Mulliner suka nuna ana iya ƙwace ragamar iPhone da jerin saƙonnin tes, Apple ya fitar da gyara washegari. Wadda ta girgiza duniya kuwa ita ce Stagefright, da Joshua Drake na kamfanin Zimperium ya bayyana a Yulin 2015. Ɓarakar tana cikin sashen Android mai karanta bidiyo, kuma an ƙiyasta ta shafi wayoyi kusan miliyan 950. Abin da mai kutse ke buƙata shi ne lambar mutum kawai, ya aika masa MMS, wato saƙon waya mai hoto ko bidiyo, ɗauke da bidiyon da aka gurɓata, waya ta sauke shi da kanta ta fara sarrafawa, shi ke nan an shiga. Ana iya yin haka cikin dare mai waya yana barci, a goge saƙon kafin asuba.

Abin da ya biyo baya ya fi ita ɓarakar muhimmanci a gare mu. Drake ya sanar da Google tun watan Afrilu, har da gyaran ya haɗa musu, kuma sun karɓa cikin kwana biyu. Amma gyaran Android ba ya tashi daga Google ya faɗa wayar mutum kai tsaye. Sai ya bi ta hannun masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, ya bi ta hannun kamfanin da ya haɗa wayar, a wasu ƙasashen har da kamfanin layi, kuma kowannensu yana iya cewa wannan samfuri ya tsufa, ba zai ɓata kuɗi a kansa ba. Haka miliyoyin wayoyi suka ƙare rayuwarsu ba su ga gyaran ba. Wannan abin kunya ne ya sa Google da Samsung suka yi alƙawarin fitar da gyaran tsaro duk wata daga Agustan 2015, aka kuma fara rubuta ranar gyara na ƙarshe a cikin saitin waya. Yau manyan wayoyin waɗannan kamfanoni biyu, tun daga Pixel 8 da Galaxy S24, suna da alƙawarin shekara bakwai, Tarayyar Turai kuma daga 20 ga Yunin 2025 ta wajabta wa masu sayar da waya a ƙasashenta su ci gaba da sabunta manhaja aƙalla shekara biyar bayan sun daina sayar da samfurin.

To, a zo kasuwanninmu. Duk wanda ya tsaya gaban teburin mai sayar da waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya san tambayoyin da ake yi: tana riƙe caji, kyamararta tana fitar da mutum, an taɓa buɗe ta, gilashinta na asali ne? Mai sayarwa zai kunna ta, ya ɗauki hoton mai saye ya nuna masa, ya ƙure sauti, a yi ciniki a rabu. Da wuya ka ji an ce a shiga saiti a duba ranar gyaran tsaro na ƙarshe, alhali abu ne da bai fi minti ɗaya ba, kuma a wayoyin da aka riga aka yi amfani da su waɗanda ake shigo da su sau da yawa za ka tarar ranar ta kai shekara uku ko huɗu. Wasunsu ma dalilin da ya sa masu su na farko suka rabu da su ke nan. Ban ga laifin mai saye ba, abin da aljihunsa ya kai ya saya, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa manhajar waya tana da wa'adi. Shi ma mai sabuwar waya sau da yawa yana ture sabuntawa saboda tsadar data, ko don tsoron kada waya ta yi nauyi. A wannan wayar ce kuma banki ke cewa ya sauke manhajarsa, a kuma turo masa lambar tabbatarwa.

Masu iPhone ma kada su saki jiki. A Satumban 2021 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta gano, a wayar wani ɗan fafutuka na Saudiyya, yadda ake cusa manhajar leƙen asiri ta Pegasus, mallakar kamfanin NSO na Isra'ila, ta hanyar saƙon iMessage mai ɗauke da abin da ya yi kama da hoto mai motsi, ba tare da an danna komai ba, kuma Apple ya toshe kafar ranar 13 ga watan. Sai dai ba na so in tsorata mai karatu da abin da ba shi ne a gabansa ba. Irin wannan makami yana da tsada ƙwarai, gwamnatoci ke sayensa, kuma 'yan jarida da 'yan adawa da lauyoyi ake bi da shi, don haka ku ma'aikatan jarida ya fi shafa, Malam Edita. Talaka mai sana'a ba Pegasus ke jiransa ba.

Abin da ke jiransa ya fi haka sauƙi. Wani maƙwabcina an fizge masa waya a cikin adaidaita sahu bayan magariba. Wayar tana da kulle na zanen yatsa, don haka ya kwana da baƙin cikin asarar waya kaɗai, da niyyar in gari ya waye ya je a toshe layin. Ɓarayin ba su damu da kullen ba. Sun zare sim suka sa a ƙaramar waya mai madannai, kuma daga wannan lokaci, a idon banki da duk wata manhajar ba da rance, su ne shi. Kafin ya isa ofishin kamfanin layi da safe, an sayi kati da kuɗinsa, an tura saura wani asusu, har an ci bashi da sunansa. Da ya kai ƙorafi, abin da aka fara tambayarsa shi ne wa ya ba lambarsa. Haka abin yake idan wani ya je ya yi walkam-bak na layin da ba nasa ba, da takardun bogi ko da haɗin bakin wani wakili marar amana: sabis ya ɗauke a wayar mai layi, ya zaci matsalar netwok ce, saƙonnin bankinsa kuma suna sauka a hannun wani. Wannan dabara ba ta bar manya ba, da ita aka ƙwace shafin shugaban Twitter na lokacin, Jack Dorsey, a 2019, aka kuma ƙwace na hukumar kula da hannayen jari ta Amurka a Janairun 2024. Ga kuma layukan da aka daɗe ba a yi amfani da su ba, waɗanda kamfani ke sake sayarwa, sabon mai layi ya riƙa ganin alat na tsohon mai shi. Haɗa layi da lambar NIN da aka fara a Disamban 2020 ya taimaka wajen sanin mai layi, amma bai sauya gaskiyar cewa duk wanda katin ke hannunsa shi ke karɓar saƙo ba.

Hukumomin wasu ƙasashe sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan. Tun 2016 cibiyar tsara ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta fara ja da baya daga amincewa da tes a matsayin hanyar tabbatar da mutum. Babban bankin Malesiya ya umarci bankuna a 2022 su ƙaura daga turo lambar tabbatarwa ta tes. A Disamban 2024, bayan an gano masu kutse da Amurka ta alaƙanta da ƙasar Sin sun daɗe a cikin na'urorin manyan kamfanonin sadarwarta, hukumar tsaron intanet ta ƙasar ta shawarci manyan jami'ai su daina dogaro da tes, su koma manhajojin da ke lulluɓe saƙo daga waya zuwa waya. Na san yanayinmu daban ne. Miliyoyin mutanenmu ƙaramar waya suke riƙewa, a ƙauyuka da yawa babu sabis ɗin da zai ɗauki manhajar banki, kuma lambobin da ake dannawa a tura kuɗi su ne suka shigar da manomi da mai talla cikin harkar banki. Wanda ya ce a soke tes gobe bai san ƙasar nan ba. Amma idan banki ya zaɓi ya ci gaba da amfani da hanyar da ya san tana da rauni, saboda ita ce mai araha kuma mai isa ko'ina, to bai kamata ya kwashi ribar wannan zaɓi ya bar wa abokin hulɗarsa asararsa ba. A Birtaniya, daga 7 ga Oktoban 2024, doka ta wajabta wa bankuna su mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi har fam dubu 85, a raba biyan tsakanin bankin da kuɗin ya fita da wanda ya karɓa. Hikimar raba biyan a bayyane take: ranar da bankin da ke buɗe wa 'yan damfara asusu ya fara biya daga aljihunsa, ranar zai fara duba waɗanda yake buɗe wa.

Don haka kirana na farko ga Babban Bankin Nijeriya ne, ya mayar da nauyin kawo hujja kan banki, ta yadda idan kuɗi suka fita jim kaɗan bayan an sauya sim ko an sa shi a wata waya, banki ne zai nuna ya yi bincike kafin ya saki, ba mai asusu ne zai yi ta rantsuwa ba. Kamfanin layi ya san lokacin da aka yi walkam-bak, ya san lokacin da kati ya koma wata waya, kuma jinkirta manyan hada-hada na kwana ɗaya ko biyu bayan haka ba zai cutar da mai gaskiya ba. Ita kuma NCC, tunda ita ke ba da izinin shigo da kowane samfurin waya, tana da ikon ta ce a rubuta a jikin kwali, da manyan haruffa, shekarar da kamfani zai daina aiko da gyaran tsaro, ta kuma tsaurara tantance sunayen masu aika saƙo har ya zama ba wanda zai iya aro sunan banki. Hukumar takan fitar da gargaɗi, kamar wanda ta yi a 2021 game da FluBot, muguwar manhajar da ke shigowa ta saƙon cewa an aiko maka da kaya, ta riƙa karanta tes ɗin banki. Amma gargaɗin da aka rubuta da Turancin masana aka sa a shafin intanet ba zai kai ga mai shayi ba. Gidajen rediyonmu na Hausa suna nan, kuma nan ne jama'a ke saurare.

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da mai karatu zai iya yi yau. Mafi muhimmanci a ganina shi ne ya sa wa sim ɗinsa lambar kulle, wadda ta bambanta da kullen fuskar waya, domin da ita katin ba zai yi aiki a wata waya ba. Ya yi a hankali wajen sawa, don kuskure uku yana rufe katin sai an kawo lambar PUK da ke jikin robar da aka ɓallo shi, kuskure goma a PUK kuma yana kashe shi gaba ɗaya. Ya hana saƙonni bayyana a fuskar waya tana kulle, ya kashe saukar da MMS kai tsaye tunda kusan ba mai amfani da shi yanzu, ya bar waya ta sabunta manhajarta ko da zai ci data, ya kuma sa wa WhatsApp ɗinsa lambar tabbatarwa ta biyu, saboda shi ma da lamba mai alƙaluma shida da ake turowa ta tes ake ƙwace shi. Wanda ke cikin gari kuma wayarsa tana da Android 12 ko sama da haka, ya duba ko tana da wurin kashe 2G. Ɗan kasuwa kuwa kada ya saki kaya a kan ƙarar alat, sai ya ga kuɗin a cikin asusunsa da idonsa. Idan sabis ya ɗauke a wayarka alhali na kusa da kai masu layi irin naka suna da shi, kira banki ta wayar wani kafin ka nemi dalili.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina roƙon jaridarka ta tura wakilinta ga NCC da manyan kamfanonin layi ya tambaye su matakin da suka ɗauka a kan Simjacker da kariyar da suka sa a hanyar SS7, ya kuma tambayi bankuna ƙorafi nawa suka karɓa bara na kuɗin da ya fita bayan satar sim ko walkam-bak na bogi, da nawa daga ciki suka biya. A buga amsoshin da Hausa, tare da sunan duk wanda ya ƙi amsawa.

Na gode da ba ni wannan dama. Wassalam.

Naka,
Malamin kwamfuta kuma mai karanta jaridarku,
daga Kano.